Lorraine Hansberry (1930–1965): Marubuciyar Wasan Kwaikwayo da Rabon Lambobin Yabo a Amurka

Gabatarwa

Lorraine Vivian Hansberry na ɗaya daga cikin fitattun marubuta wasan kwaikwayo da ƙasar Amurka ta samar a ƙarni na ashirin. Ba ta yi tsawon rai ba, domin shekara 34 kacal ta yi a duniya, kuma wasanninta biyu ne kawai suka hau dandamali tana raye. Duk da haka, da wuya a yi zancen matsayin baƙar fata a fagen wasan kwaikwayon Amurka ba a ambaci sunanta ba. Ita ce baƙar mace ta farko da aka nuna wasanta a Broadway, wato rukunin manyan gidajen wasa da ke tsakiyar birnin Niyok, inda duk marubucin wasa a ƙasar yake burin aikinsa ya kai. Wannan babi zai bi rayuwarta daga haihuwa zuwa rasuwa, zai kuma tsaya a kan wani al'amari da akan tsallake, wato yadda masu raba lambobin yabo suka yi da ita da kuma aikinta.

Asalinta da Tasowarta

An haifi Lorraine a birnin Shikago ranar 19 ga Mayu, 1930, ita ce auta cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinta Carl Hansberry mutumin jihar Misisifi ne, mahaifiyarta Nannie Perry kuwa daga jihar Tennessee ta fito. Dukansu biyu suna cikin ɗimbin baƙaƙen fatar da suka yi ƙaura daga kudancin Amurka zuwa biranen arewa domin gudun wariyar launin fata da neman abinci. Mahaifin dillalin gidaje ne mai hali. Sana'arsa ita ce sayen manyan gidaje ya yayyanka su zuwa ƙananan ɗakuna, ya ba baƙaƙen fata haya. Saboda haka Lorraine ba ta tashi cikin talauci ba, amma ta tashi a tsakiyar talakawa, domin a wancan zamani baƙar fata ko mai kuɗi ne ba ya da zaɓin unguwa. Gidansu ya kasance masaukin manyan baƙi irin su masani W. E. B. Du Bois da mawaƙi kuma ɗan wasa Paul Robeson da marubuci Langston Hughes. Ɗan'uwan mahaifinta, William Leo Hansberry, malamin tarihin Afirka ne a Jami'ar Howard, kuma Nnamdi Azikiwe na cikin ɗaliban da suka yi karatu a wurinsa. Wannan ne dalilin da daga baya Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ta sa wa cibiyarta ta nazarin Afirka sunansa. Ke nan tun tana ƙarama Lorraine ta san cewa Afirka na da tarihi da masarautu, a lokacin da makarantun Amurka ke koyar da akasin haka.

Kafin ta cika shekara tara, wani abu ya faru wanda ya zauna mata a rai har ƙarshen rayuwarta. Mahaifinta ya sayi gida a wata unguwar Turawa a kudancin Shikago. Masu gidajen unguwar suna da wata yarjejeniya a rubuce wadda ta hana a sayar wa baƙar fata gida ko a ba shi haya. Da iyalin suka tare, sai gungun maƙwabta suka yi wa gidan zobe, wani ya jefo ƙaton dutsen siminti ta taga, saura kaɗan ya sami yarinyar a ka. Mahaifiyarta takan kwana tana zagaya gidan da ƙaramar bindiga a hannu, yayin da maigidan ke zirga-zirgar kotu. Kotunan jihar Illinois sun umarci iyalin su fita, amma Carl ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli ta Amurka, wadda ta yanke hukunci a 1940 ta ba shi gaskiya. Sai dai nasarar ba cikakkiya ba ce. Yarjejeniyar ta tanadi cewa ba za ta fara aiki ba sai masu kashi 95 cikin ɗari na filayen unguwar sun sa hannu, aka kuwa gano cewa masu kashi 54 ne kawai suka sa. Kotun ta tsaya ne a kan ƙa'idar shari'a, cewa ba za a ɗaure Carl da hukuncin wata tsohuwar shari'a da ba a wakilce shi a cikinta ba, ba ta ce irin wannan yarjejeniya haramun ba ce. Sai a 1948, a wata shari'ar dabam, aka hana kotuna tilasta aiki da ita. Carl bai ga wannan rana ba. Ya yanke ƙauna da Amurka, ya tafi ƙasar Meziko yana shirin mayar da iyalinsa can, a nan ya rasu a 1946 sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, Lorraine na da shekara 15.

Karatu da Aikin Jarida

Bayan ta kammala sakandare a 1948, ta shiga Jami'ar Wisconsin da ke Madison. A can ne ta kalli wasan Juno and the Paycock na Sean O'Casey, marubucin ƙasar Ailan, wanda ya nuna rayuwar wani iyalin matalauta a birnin Dublin. Abin da ya burge ta shi ne yadda marubucin ya zana mutanensa da kyawawan halayensu da munanan, bai ɓoye raggo ko mashayi ba, kuma hakan bai rage musu daraja ba. Ba ta kammala digiri ba. A 1950 ta bar jami'a ta koma Niyok, shekara guda bayan haka ta kama aiki da jaridar Freedom wadda Paul Robeson ya kafa a unguwar Harlem. Ta yi rubuce-rubuce a kan wariya a Amurka da kuma gwagwarmayar neman 'yanci a Kenya da Masar da Gana, ta kuma ɗauki darussan tarihin Afirka a wurin Du Bois. A 1952 ta wakilci Robeson a wani taron zaman lafiya a Montevideo, babban birnin Uruguay, domin gwamnati ta ƙwace masa fasfo. Da ta dawo, ita ma aka karɓe nata, hukumar bincike ta FBI kuma ta ci gaba da sa mata ido na tsawon shekaru.

A 1953 ta auri Robert Nemiroff, wani Bayahude ɗan gwagwarmaya. A 1956 wata waƙa da ya rubuta tare da abokinsa ta sami kasuwa, kuɗin da ta kawo ne suka ba Lorraine damar barin ƙananan ayyuka ta duƙufa ga rubutu. Auren bai ɗore ba, amma zumunci da aikin tare sun ɗore, kuma shi ta bar wa amanar rubuce-rubucenta.

Dandamalin da Ta Tarar

Domin a fahimci girman abin da ta yi, dole a dubi yanayin dandamalin Amurka kafin 1959. Baƙar fata ba baƙo ba ne a Broadway, an daɗe ana kallonsa yana waƙa da rawa da barkwanci. Inda ya yi ƙaranci shi ne wajen riƙe alƙalami da ba da umarni. An nuna gajeren wasan Willis Richardson a 1923, da na Garland Anderson a 1925, sai Mulatto na Langston Hughes a 1935, amma irin waɗannan jefi-jefi ne. Wasannin da suka yi magana a kan rayuwar baƙar fata suka kuma ci manyan kyaututtuka, Turawa ne suka rubuta su. Paul Green ya ci kyautar Pulitzer a 1927 da In Abraham's Bosom, Marc Connelly ya ci a 1930 da The Green Pastures, wanda dukan 'yan wasansa baƙaƙe ne. Wato dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kyautar Tony, wadda ita ce mafi suna a fagen, an fara ba da ita a 1947. Baƙar fatar da ta fara samun ta ita ce Juanita Hall a 1950, a wasan waƙe-waƙe mai suna South Pacific, kuma ba ma a matsayin baƙar mace ta fito ba, ta fito ne a matsayin wata mata 'yar yankin Asiya. Harry Belafonte ya biyo baya a 1954, shi ma a wasan waƙe-waƙe. A nan akwai wata ƙa'ida da ya kamata ɗalibi ya lura da ita: ba a ba da Tony sai ga wasan da aka nuna a gidajen Broadway. Wanda masu kuɗi da masu gidajen wasa ba su buɗe wa ƙofa ba, bai ma shiga takara ba, balle a ce an kayar da shi. Labarin Alice Childress ya isa misali. Wasanta Trouble in Mind, wanda ya soki wariya a cikin sana'ar wasan kwaikwayo ita kanta, an nuna shi a ƙaramin gida a 1955, aka kuma yi shirin kai shi Broadway bisa sharaɗin ta sassauta shi. Ta ƙi, sai shirin ya wargaje. Wasan bai isa Broadway ba sai a 2021, shekara 27 bayan rasuwar mai shi.

Wasan A Raisin in the Sun

Lorraine ta kammala wannan wasa a 1957. Ta samo sunansa daga wata waƙar Langston Hughes mai taken Harlem, wadda ke magana a kan makomar burin da aka yi ta jinkirtawa. Wani abokinta mai suna Philip Rose, wanda bai taɓa shirya wasa ba, ya ɗauki nauyin nemo kuɗi. Ya shafe fiye da shekara guda yana tara dala 75,000 daga hannun mutane da dama, domin manyan masu zuba jari sun ce Turawa ba za su biya kuɗi su kalli damuwar iyalin baƙar fata ba. Babu gidan wasa a Broadway da ya yarda ya karɓe shi da farko, sai da aka gwada shi a New Haven da Filadelfiya da Shikago aka ga yadda jama'a suka yi cincirindo. Ranar 11 ga Maris, 1959 aka buɗe shi a gidan wasa na Ethel Barrymore, aka nuna shi sau 530. Sidney Poitier da Claudia McNeil da Ruby Dee da Diana Sands ne manyan 'yan wasan, daraktan kuwa Lloyd Richards ne, shi ma baƙar fata, abin da ba a saba gani ba a Broadway.

Labarin na iyalin Younger ne, mutum biyar da ke cunkushe a wani ƙaramin gidan haya a kudancin Shikago, irin gidajen da mahaifin marubuciyar ya yi arziki da su. Maigida ya rasu, ana jiran kuɗin inshorarsa dala 10,000. Ɗansa Walter Lee, direban wani attajiri, yana son a zuba kuɗin a shagon sayar da giya. Ƙanwarsa Beneatha tana son karatun likita. Uwarsu Lena kuwa gida take so, ta je ta biya kafin alƙalami dala 3,500 a wata unguwar Turawa mai suna Clybourne Park, don a nan ne gida ya fi araha. Sauran kuɗin ta damƙa wa Walter, har da kason karatun ƙanwarsa, shi kuma ya miƙa wa wani aboki wanda ya gudu da su. Ana cikin wannan hali sai wakilin Turawan unguwar, Karl Lindner, ya zo cikin ladabi da taushin murya yana tayin a biya su su fasa tarewa. Ƙololuwar wasan ita ce lokacin da Walter, wanda ya riga ya yanke shawarar karɓar kuɗin, ya tsaya a gaban ƙaramin ɗansa ya kasa sayar da mutuncin gidansu.

Babban jigon wasan shi ne mutunci, amma mai nazarin harshe zai sami abin dubawa ta wata fuskar. Marubuciyar ta bambanta taurarinta ta hanyar karin harshe. Lena tana magana da Ingilishin baƙaƙen kudu, mai jan wasula da kalmomin coci. Walter da matarsa Ruth suna amfani da karin ma'aikatan birni. Beneatha kuwa harshenta na 'yan jami'a ne, kuma wani lokaci da shi take yi wa 'yan gidan gori. Akwai kuma Joseph Asagai, ɗalibi Bayarabe daga Nijeriya, wanda Ingilishinsa ya fi na kowa bin ƙa'ida. Kafin wannan lokaci, karin harshen baƙar fata a dandamalin Amurka kayan ba da dariya ne. A nan sai ga shi yana ɗauke da baƙin ciki da muhawara da hikima. Shi kansa Asagai sabon abu ne ga 'yan kallo, domin sun saba ganin mutumin Afirka a finafinai da mashi da warki. Sai ga ɗan Afirka mai ilimi yana zancen 'yancin kai, har yana hasashen cewa bayan tafiyar 'yan mulkin mallaka za a iya samun azzaluman shugabanni 'yan ƙasa, kuma hakan ba hujjar fasa neman 'yanci ba ce. An faɗi wannan a dandamali fiye da shekara guda kafin Nijeriya ta sami mulkin kai.

Kyautar Matarka da Kyautar Tony

A 1959 ƙungiyar matarka wasan kwaikwayo ta Niyok, wato masu sharhin wasanni a jaridu da mujallu, ta zaɓi A Raisin in the Sun a matsayin wasan Amurka mafi kyau na shekarar. Ba ƙananan abokan takara ta doke ba. Akwai Sweet Bird of Youth na Tennessee Williams, da A Touch of the Poet na Eugene O'Neill, da J.B. na Archibald MacLeish, wanda ya ci Pulitzer da Tony a wannan shekara. Lorraine ta zama baƙar fata ta farko da ta sami wannan kyauta, mace ta biyar, kuma mafi ƙarancin shekaru cikin marubutan Amurka da suka taɓa samun ta, don ba ta kai talatin ba.

A bikin Tony na 1960 labarin ya sha bamban. Wasan ya shiga takara a rukuni huɗu: wasa mafi kyau, da tauraro, da tauraruwa, da darakta. Bai ci ko ɗaya ba. The Miracle Worker na William Gibson, wanda ya ba da labarin Helen Keller da malamarta, shi ya ɗauki kyautar wasa, da ta tauraruwa ta hannun Anne Bancroft, da ta darakta ta hannun Arthur Penn, yayin da Melvyn Douglas ya ɗauki ta tauraro. Adalci ne a ce wasan Gibson ba na yarwa ba ne, har yau ana nuna shi, kuma ba kowace faɗuwa a takara ce zalunci ba. Rashin kyauta a shekara guda ba ya tabbatar da komai. Abin da ke tabbatarwa shi ne jerin shekaru idan aka ɗora su a kan juna. Matarka 'yan ƙalilan ne, rubutu suke aunawa. Masu zaɓen Tony kuwa mutanen sana'ar ne, har da masu shirya wasanni da masu ruwa da tsaki a kasuwarsu, kuma a wancan zamani kusan dukansu Turawa ne. Sai da aka shekara 27 ana ba da Tony kafin baƙar fata ya ci kyautar wasa mafi kyau.

Ko yabon da ta samu ma yana da nasa ƙaiƙayi. Matarka da yawa sun yabi wasan da cewa ba labarin baƙar fata ba ne, labarin kowa ne, kamar dai darajarsa ita ce a manta launin mutanen cikinsa. Lorraine ba ta amince da wannan fassara ba. A ganinta, marubuci ba ya isa ga abin da ya shafi kowa sai ta hanyar tsayawa sosai a kan mutane takamaimai, kuma mutanenta baƙaƙe ne na kudancin Shikago, ba wasu ba. Haka kuma ba ta yarda cewa wasan ya ƙare da farin ciki ba, domin ita ta san abin da ke jiran iyalin da suka tare a irin wannan unguwa. Wani abin da ya taimaka wa wannan gurguwar fahimta shi ne an yanke wasu fitowa kafin a buɗe wasan, ciki har da wadda wata maƙwabciya ta shigo da jarida mai labarin bam da aka jefa wa gidan wasu baƙaƙe, da wadda Beneatha ta daina miƙar da gashinta ta bar shi yadda Allah ya halicce shi. Sai a shekarun 1980 aka mayar da su. Ta ɗaya ɓangaren kuma, wasu 'yan gwagwarmayar baƙar fata na shekarun 1960 sun raina wasan, suna ganin burin shiga unguwar Turawa ne kawai. Harold Cruse ya soke shi da zafi a 1967. Amiri Baraka, wanda yana cikin masu rainawar, ya fito a 1986 ya yarda cewa su ne ba su fahimce shi ba.

Shekarunta na Ƙarshe

An mayar da wasan fim a 1961, ita ta rubuta shi, amma kamfanin Columbia ya cire wuraren da ta ƙara domin fito da wariya fili. Fim ɗin ya sami kyauta ta musamman a bikin finafinai na Cannes a Faransa. Gidan talabijin na NBC ya sa ta rubuta wasa a kan bauta, ta rubuta The Drinking Gourd, aka biya ta, aka ajiye shi ba a nuna ba.

Suna bai sa ta ja da baya daga gwagwarmaya ba. A watan Mayu na 1963 tana cikin tawagar da marubuci James Baldwin ya haɗa domin ganawa da Robert Kennedy, ministan shari'a na Amurka a lokacin. Da ta ga ministan yana kau da kai daga wani matashi ɗan gwagwarmaya mai suna Jerome Smith, wanda ya sha duka a kudu, sai ta nuna masa cewa wannan matashi ne ya kamata ya saurara, ba manyan sunayen da ke ɗakin ba. Daga ƙarshe ta miƙe ta fita, wasu suka bi ta. A wannan shekara ce ciwon daji ya bayyana a cikinta. Tana jinya ta kammala wasanta na biyu, The Sign in Sidney Brustein's Window, wanda aka buɗe a watan Oktoba na 1964. Yawancin taurarinsa Turawa ne 'yan boko na unguwar Greenwich Village, abin da ya rikita matarka da ke jiran ta sake ba su labarin iyalin baƙar fata. Kasuwarsa ba ta yi kyau ba, abokai da masoya ne suka yi ta karo-karo har aka nuna shi sau 101. An rufe shi a kwanakin da ta rasu.

Lorraine Hansberry ta rasu ranar 12 ga Janairu, 1965 a Niyok. An yi taron jana'izarta a wani coci a Harlem, inda Paul Robeson ya yi jawabi, aka karanta saƙon Martin Luther King, Malcolm X kuma ya halarta, 'yan makonni kafin a kashe shi.

Bayan Rasuwarta

Nemiroff ya riƙe amana. Ya tattara wasiƙunta da guntayen rubuce-rubucenta ya haɗa wasan To Be Young, Gifted and Black a 1969, wanda mawaƙiya Nina Simone, aminiyar marigayiyar, ta yi waƙa da sunansa. A 1970 ya kammala Les Blancs, wasanta a kan tawaye ga mulkin mallaka a wata ƙagaggiyar ƙasar Afirka.

Daga nan ne lambobin yabo suka fara kwararowa, amma abin lura shi ne hannun da suke faɗawa. Tun a 1965 Alice Ghostley, Baturiya, ta ci Tony a matsayin mataimakiyar tauraruwa a wasanta na biyu, Miriam Silverman ta maimaita hakan a 2023 da aka sake nuna shi. A 1974 aka ba Raisin, wato labarin iyalin Younger da wasu suka mayar wasan waƙe-waƙe, kyautar Tony ta wannan rukuni, Virginia Capers kuma ta ci ta tauraruwa. Labarin da aka hana kyauta yana magana, sai aka ba shi da ya koma waƙa. A wannan biki ne Joseph A. Walker ya zama baƙar fata na farko da ya ci kyautar wasa mafi kyau da The River Niger, wanda Douglas Turner Ward ya ba da umarni, mutumin da ya fito a ƙaramin matsayi a wasan Lorraine a 1959. Pulitzer kuwa Charles Gordone ne ya fara buɗe ta a 1970, baƙar mace ba ta samu ba sai Suzan-Lori Parks a 2002. Lloyd Richards ya jira shekara 27 kafin ya ci kyautar darakta a 1987 da wasan Fences na August Wilson.

Shi kansa A Raisin in the Sun bai sake komawa Broadway ba sai a 2004, shekara 45 bayan fitowarsa ta farko. A wannan karo Phylicia Rashad ta ci kyautar da Claudia McNeil ta rasa, ta zama baƙar mace ta farko da ta ci Tony ta babbar tauraruwa a wasan da ba na waƙe-waƙe ba, Audra McDonald kuma ta ci ta mataimakiya. A 2014 aka sake nuna shi da Denzel Washington, ya ci kyautar tsohon wasa mafi kyau da aka farfaɗo da shi, Kenny Leon ya ci ta darakta, Sophie Okonedo, 'yar Ingila wadda mahaifinta ɗan asalin Nijeriya ne, ta ci ta mataimakiyar tauraruwa. Tsakanin waɗannan biyu akwai abin da ya fi ɗaukar hankali. Wani marubuci Bature mai suna Bruce Norris ya rubuta Clybourne Park, ya ɗauki unguwar da Lorraine ta ƙaga da tauraronta Karl Lindner, ya ba da labarin gidan ta ɓangaren Turawan da suka sayar da shi. Wannan wasa ya ci Pulitzer a 2011 da Tony ta wasa mafi kyau a 2012, wato kyaututtuka biyun da asalin wasan bai samu ba.

Bayan August Wilson a 1987, sai da aka shekara 38 kafin wani baƙar fata ya sake cin Tony ta wasa mafi kyau. Shi ne Branden Jacobs-Jenkins a 2025, da wasansa Purpose, labarin wani iyalin baƙar fata a Shikago, wanda Phylicia Rashad ta ba da umarni. Har zuwa wannan biki, rukunin da Lorraine Hansberry ta fara shiga takararsa a 1960 bai taɓa faɗawa hannun baƙar mace marubuciya ba.